Talaka ko Ƙabila: Abin da Alƙaluma ke Faɗa daga Zamanin NEPU zuwa Dajin Rugu

A tsakiyar Fabrairun 2020 'yan bindiga suka faɗa wa Tsauwa da Ɗankar a ƙaramar hukumar Batsari, suka kashe mutum 30. Bayan wata biyu, ranar 18 ga Afrilu, aka kashe 47 a ƙauyukan Ɗanmusa da Dutsinma da Safana. Duk wanda ya zauna a majalisar mai shayi a Zakka ko Runka ko Batsari ya san yadda ake ba da labarin irin waɗannan ranaku. Wani zai ce Fulani ne ke kashe Hausawa. Wani zai ce 'yan sa-kai ne suka ja, da suka riƙa tare Bafulatani a hanyar kasuwa don kamanninsa kawai. Akwai kuma na uku, galibi dattijon da ya ga siyasar Jamhuriya ta Biyu, wanda zai kaɗa kai ya ce talaka ne ke kashe ɗan'uwansa talaka, masu cin ribar kuwa suna birni.

Bayanin nan na uku yana da asali. Shi ne amsar da 'yan siyasa masu ra'ayin sauyi suka daɗe suna bayarwa a Arewa duk lokacin da aka tayar da zancen ƙabila. An gwada amsar a akwatin zaɓe sau da yawa, kuma sakamakon yana nan a rubuce.

Ƙuri'a 509,050, kujera takwas

An kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950. Cikin mutum takwas da suka kafa ta akwai Bello Ijumu, Bayarabe daga ƙasar Kabba. Malam Aminu Kano, wanda ya zama jagoranta, Bafulatani ne daga gidan malamai da alƙalai. Hajiya Gambo Sawaba mahaifinta daga Gana ya zo, mahaifiyarta Banufiya ce. Jam'iyyar da ke da irin waɗannan shugabanni ba ta da yadda za ta yi ta ce faɗanta na Haɓe da Fulani ne, kuma ba ta ce ba. Sanarwar Sawaba ta 1952 ta raba al'umma gida biyu: masu riƙe da En'e da 'yan korensu a gefe guda, talakawa a ɗaya gefen. Masanan da suka bi diddigin shugabannin NEPU da na abokiyar hamayyarta, jam'iyyar NPC, a lokacin sun tarar NPC cike take da ma'aikatan En'e da masu sarauta, NEPU kuwa teloli ne da mahauta da 'yan tireda da malaman allo.

Zaɓen tarayya na 1959 shi ne ma'auni mafi kyau, domin shi ne na farko da aka yi kai tsaye a duk faɗin ƙasar, ko da yake maza kaɗai suka yi zaɓe a Arewa. NPC ta sami ƙuri'a 1,922,179 da kujera 134. NEPU ta sami ƙuri'a 509,050 da kujera 8. Wato a ƙuri'a, duk huɗun NPC akwai ɗayar NEPU. A kujera kuwa sai NPC ta tara kusan 17 kafin NEPU ta sami ɗaya. Kowace kujerar NPC ta zo a kan ƙuri'a kamar 14,300, kowace ta NEPU a kan kamar 63,600. Da an raba kujeru da ma'auni ɗaya, da NEPU ta shiga majalisa da wakilai 35 ko fiye.

Dalilin wannan tazara ba ɓoyayye ba ne. Tsarin zaɓen na wanda ya zo na ɗaya ya kwashe duka ne, kuma ƙuri'un NEPU a warwatse suke. Sannan a ƙauye dagaci ne ke karɓar haraji, hakimi ne ke ba da izinin taro, alƙalin En'e ne ke ɗaure wanda aka ce ya zagi sarki. A ƙasar Katsina a lokacin, Sarki Usman Nagogo kansa minista ne a gwamnatin Jihar Arewa, Isa Kaita da Musa 'Yar'aduwa kuma jiga-jigan NPC ne. Manomin da ya jefa wa NEPU ƙuri'a a irin wannan yanayi ya san abin da ya saya wa kansa. Zuwa zaɓen majalisar Arewa na 1961, NPC ta kwashe kujera 160 cikin 170, NEPU ta tsira da ɗaya tak.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe daga nan shi ne, mutum fiye da rabin miliyan sun amsa kiran da bai ambaci ƙabilarsu ba, a lokacin da amsa shi ke iya kai mutum gidan yari. Wannan ba ƙaramin adadi ba ne.

Shekarar da aka soke haraji da jangali

A 1979 Malam Aminu ya tsaya takarar shugaban ƙasa a jam'iyyar PRP, ya ɗauki Samuel Ikoku, mutumin Gabas, a matsayin mataimaki. Ya sami ƙuri'a 1,732,113, kashi 10.28 cikin 100, ya zo na huɗu. Cikin waɗannan, 932,803 daga Jihar Kano suka fito, inda ya ci kashi 76. Jihar Kaduna, wadda Katsina ke cikinta a lokacin, ta ba shi sama da 430,000, kusan kashi 32. In aka haɗa jihohin biyu, kusan huɗu cikin kowace ƙuri'a biyar da ya samu ke nan. A Anambra da Imo, duk da Ikoku, bai kai kashi 2 ba. Jam'iyyar da ta ce talakan Nijeriya ɗaya ne ko'ina yake ta tashi da ƙuri'un yanki guda, kamar yadda Awolowo ya tashi da na Yamma, Azikiwe da na Gabas.

Labarin Kaduna ya fi jan hankali. A zaɓen gwamna, Balarabe Musa na PRP ya kayar da Lawal Kaita na jam'iyyar NPN da ƙyar. Amma a majalisar jiha mai kujera 99, NPN na da 64, PRP na da 16 kacal. A Kano kuwa PRP ta ci 123 cikin 138. Gwamnan da jam'iyyarsa ba ta kai kashi ɗaya cikin shida na majalisa ba, a fili yake ƙuri'ar aro ce ta ɗora shi: ta magoya bayan sauran jam'iyyu, da ta ƙabilun kudancin Zazzau waɗanda kukansu a kan mulkin masarauta kuka ne na ƙabila da addini tun kafin ya zama na aji. Nasarar PRP mafi ban mamaki ta samu ne da haɗuwar koke-koken biyu. Majalisa ta ƙi amincewa da kwamishinoninsa, sannan ta tsige shi ranar 23 ga Yuni 1981. Mataimakinsa Abba Musa Rimi, mutumin ƙasar Katsina, ya ƙarasa wa'adin.

Kafin a kai nan, a Oktoban 1979, Balarabe a Kaduna da Gwamna Abubakar Rimi na PRP a Kano sun yi abin da har yau tsofaffi ke tunawa da su a kansa: sun soke haraji da jangali. A ganina wannan mataki shi ne amsa mafi hikima da masu ra'ayin sauyi suka taɓa bai wa tambayar aji da ƙabila, kuma da aiki suka ba da ita. Haraji a kan kan manomi yake. Jangali a kan saniyar makiyayi yake. Mai karɓa ɗaya ne, dagaci da hakimi, da dogari a bayansu. Manomin da shekara ta yi masa gardama yakan sayar da akuya ko ya tafi cin rani don gudun wulaƙancin haraji. Makiyayi yakan kwana yana kora shanu cikin daji don kada malamin jangali ya ƙirga su. Gwamnonin biyu ba su tsaya a cewa za su sauƙaƙa wa talaka ba, sun kira kowane nauyi da sunansa suka sauke shi. Bahaushen Zakka ya ji an taɓa abin da ke damunsa, Bafulatanin Rugu shi ma ya ji, babu wanda aka ce ya manta da ko shi wane ne.

Akwai wani gefe na labarin da ba a cika faɗa ba. Jangali, duk muninsa, shi ne hanya ɗaya da hukuma ke zuwa ruga duk shekara, ta san arɗo, ta san yawan shanu. Da aka soke shi ba a maye gurbinsa da komai ba. Ƙaramar hukuma ta daina samun kuɗi daga makiyayi, sai ta daina tunawa da shi sai ranar shari'ar ɓarna. A 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta sanar da shirin dawo da kuɗaɗen biyu, Naira 2,000 a kan baligi da Naira 500 a kan kowace saniya, a daidai lokacin da mutanen yammacin jihar ke biyan wani harajin ga 'yan bindiga kafin su shiga gonakinsu.

Abin da ba a ƙirga ba

Ɗan Katsinan da ya fi kowa kafa wa wannan ra'ayi hujja shi ne Dokta Yusufu Bala Usman, haifaffen Musawa, jikan Sarki Dikko, wanda ya bar gatan fada ya zama sakataren gwamnatin PRP a Kaduna. A bincikensa kan tarihin Katsina ya yi watsi da karatun Turawa da ke cewa jihadi yaƙin Fulani da Haɓe ne, ya nuna akwai Hausawa da Fulani a kowane ɓangare. Tarihin sarautar ma ya taimaka masa. Dallazawa suka karɓi mulki a farkon ƙarni na 19, tsofaffin sarakuna suka koma Maraɗi, sannan a 1906 Turawa suka ɗauke sarauta daga Dallazawa suka bai wa Dikko na Sulluɓawa. Wannan sauyi tsakanin gidajen Fulani biyu ya faru, talakan ƙauye da makiyayin daji kuwa babu wanda ya tambaye su.

To Hausawa nawa ne, Fulani nawa ne? Ƙidaya ta ƙarshe da ta yi wannan tambaya kuma aka yi aiki da ita, ita ce ta 1963, wadda aka yi ta jayayya a kanta. Ta ce Hausawa miliyan 11.7 ne, Fulani miliyan 4.8, cikin 'yan Nijeriya miliyan 55.7. Ƙidayar 1991 da ta 2006 sun cire tambayar ƙabila da ta addini gaba ɗaya don gudun rikici. Mun san Batsari na da mutum sama da 200,000 a 2006, Safana sama da 180,000. Ba mu da wata takarda ta hukuma da ta raba su gida-gida. Saboda haka duk wanda ka gani a Facebook ko TikTok yana kawo kaso na Hausa zalla ko na Fulani, ka tambaye shi inda ya samo.

Ko da an ƙirga ɗin, miliyan 4.8 na 1963 ta haɗa sarki da hakimi da babban sakatare da yaron da ke bin shanu ba takalmi. Sarkin da ba ya jin Fillanci da makiyayin da bai taɓa shiga aji ba suna layi ɗaya a takardar. A nan NEPU ta yi gaskiya, kuma har gobe gaskiyarta na nan.

Alƙaluman talauci ma suna goyon bayanta. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a 2019 kashi 40.1 na 'yan Nijeriya, mutum miliyan 82.9, ba sa iya kashe Naira 137,430 a shekara, wato kamar Naira 376 a rana. A Katsina kashi 56 ne. A 2022 hukumar ta fitar da wani ma'aunin da ke duba lafiya da ilimi da ruwan sha da muhalli da aikin yi, ta tarar da mutum miliyan 133, kashi 63, cikin talauci. Miliyan 86 daga cikinsu a Arewa suke. Katsina ta tashi da kashi 72.7, Sakkwato ta fi kowa da 90.5. Ta biyu kuwa Bayelsa ce mai man fetur, da 88.5, abin da ya isa ya nuna talauci ba gadon wata ƙabila ba ne. Tazarar da ta fi fitowa fili ita ce ta ƙauye da birni: kashi 72 da kashi 42.

Sai dai wannan bincike iyakarsa mazaɓar sanata. Safana da Batsari suna Katsina ta Tsakiya tare da birnin Katsina, don haka gidan da ke Zakka da gidan da ke unguwar manya a birni duk sun narke a adadi ɗaya. Kuma binciken gida-gida da wuya ya isa rugar da ke tashi da kaka, balle ƙauyen da ma'aikaci ke tsoron shiga. Mutanen da rikicin ya fi shafa su ne alƙaluman suka fi tsallakewa.

Yadda wasu ƙasashe ke lissafin

Amurka tana ƙirga launin fata, shi ya sa gardamarsu ke da lambobi. A 2019 talauci ya kama kashi 18.8 na baƙaƙen fata da kashi 7.3 na fararen fata waɗanda ba 'yan asalin Latin ba. Amma in aka ƙirga kawuna, fararen matalauta miliyan 14.2 ne, baƙaƙe miliyan 8.1. Ɗan siyasar da ke son magana da yawan jama'a zai ɗauki lamba ta biyu ya ce a yi wa kowa aiki. Wanda ke son magana da zafin ciwo zai ɗauki ta farko, ya ƙara da cewa dukiyar matsakaicin gidan farar fata a shekarar dala 188,200 ce, ta baƙar fata 24,100, kusan ninki takwas. Dukansu ba su yi ƙarya ba. Bernie Sanders ya shiga zaɓen fid da gwani na 2016 da saƙon aji kusan zalla, ya je South Carolina inda baƙaƙen fata suka fi yawa a jam'iyyarsa, Hillary Clinton ta cinye shi da sama da kashi 73. Mutumin da ɗan sanda ke tsayarwa saboda fatarsa ba ya gamsuwa da alƙawarin ƙarin albashi kaɗai.

Indiya ta bi wata hanya. A 1992 Kotun Ƙolinta ta amince a ware kashi 27 na guraben aikin gwamnati ga rukunonin da aka bari a baya, da sharaɗin a cire masu hali daga cikinsu. Tun 2017 gidan da ke samun sama da rufi 800,000 a shekara ba ya cin wannan gajiya. An duba asali, an kuma duba aljihu.

Mu namu tsarin raba-daidai, wanda ya shiga tsarin mulki a 1979 aka kafa masa hukuma a 1996, jiha yake ƙirgawa: kowace jiha ta sami tsakanin kashi 2.5 da 3 na ma'aikatan kowace hukumar tarayya. Bai tambayi aljihu ba. Ɗan babban sakatare da ya yi karatu a Abuja da ɗan manomin Zakka da makarantarsu ta rufe saboda 'yan bindiga duk 'yan Katsina ne a takarda, kuma kowa ya san wanda zai sami gurbin. Abin mamaki, da wuya ka ji wani mai kiran kansa magajin Malam Aminu ya nemi a gyara wannan.

Ƙasar ba ta ƙaru ba

A 1991 Jihar Katsina na da mutum 3,753,133. A 2006 ta kai 5,801,584, ƙarin kusan kashi 55 cikin shekara 15. Faɗinta murabba'in kilomita 24,192 ne, don haka kowane murabba'i ya tashi daga ɗaukar mutum 155 zuwa 240. Tun daga nan ba a sake ƙidaya ba, amma haihuwa ba ta tsaya ba. Gonar da uba ya noma shi kaɗai yau 'ya'ya shida ke rabawa, kowa kuma yana ɗan matsa iyaka. Burtali ne ke fara tafiya, sai mashaya, sai bakin daji.

Dokar wuraren kiwo ta Jihar Arewa ta fito a 1965. Cikin wurare 415 da ake lissafawa a faɗin ƙasar, kusan sulusi kaɗai aka yi wa rajistar doka, sauran suna nan ba takarda. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, ta kuma bai wa ƙaramar hukuma ikon ba mutum har hekta 500 don noma. Wanda ke iya bin takarda har a sa masa hannu a kan hekta ɗaruruwa a bakin daji ba ƙaramin manomi ba ne, ba kuma mai shanu ashirin ba. Wannan ɓangaren rikicin na aji ne tsantsa, kuma shi ne ba a cika kawowa a taron sulhu ba.

Amma akwai ɓangaren da bayanin aji ba ya ɗauka. Lokacin da aka kafa Hukumar Ilimin Makiyaya a 1989, an ƙiyasta masu iya karatu da rubutun boko a cikin makiyaya tsakanin kashi 0.2 da kashi 2. Manomi talaka ne, amma yana da dagaci, yana da rumfar zaɓe, yana da kansila ɗan garinsu. Makiyayin da ke cikin daji ba shi da ko ɗaya, kuma ya daɗe yana kukan cewa in shari'a ta haɗa shi da wani, saniyarsa ce ke biyan kowa, daga ɗan sanda har mai shiga tsakani. Shi ma ya sha satar shanu kafin kowa. A ɗaya gefen, manomin da aka ƙone masa rumbu, aka sace masa mata, ya sayar da gona ya biya kuɗin fansa, ya ji da kunnensa yaren da maharan ke yi. In ka ce masa maganar ba ta da alaƙa da ƙabila, zai ɗauka ba ka san abin da ya same shi ba, ko kuma kana kare wani. Haka Bafulatanin da bai taɓa riƙe bindiga ba, aka kashe ɗansa a hanyar kasuwa don an ga sanda da rawani, ba zai karɓi wannan bayani ba.

Gwamnatoci sun fi son a yi shiru. A 2022, bayan shirye-shiryen da BBC da Trust TV suka yi kan 'yan bindiga, inda ɓangarorin biyu suka faɗi kokensu da bakinsu, hukumar kula da kafofin watsa labarai ta ci tarar Trust TV Naira miliyan 5. Matakan tsaro kuma sukan sauka a kan marar ƙarfi na kowane ɓangare. A 2021 aka hana cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi 14 na Jihar Katsina, aka katse layin waya a 13, Batsari da Safana na ciki. Ɗan kasuwar ƙauye da dillalin awaki da mai nono su suka fi ji a jika. Masari ya yi sulhu sau biyu, na biyun a 2019, daga baya ya fito ya ce an ci amanarsa. Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma mai mutum kusan 1,500 a Oktoban 2023. A farkon 2025 aka yi zaman sulhu a Batsari, Jibiya ta biyo baya, wasu ƙananan hukumomin ma suka bi. Ana ƙirga bindigogin da aka miƙa da mutanen da aka sako. Burtalin da aka buɗe da gonar da ta koma hannun mai ita, su ma suna buƙatar a ƙirga su.

Magadan yau

Rabi'u Musa Kwankwaso, wanda jar hularsa ke nuni da Malam Aminu, ya sami ƙuri'a 1,496,687 a zaɓen shugaban ƙasa na 2023. Daga Kano kaɗai 997,279 suka fito, kashi biyu cikin uku. Malam Aminu kashi 54 na ƙuri'unsa ne na Kano. Wato bayan shekara 44 da'irar ta ƙara tsukewa. A Katsina Kwankwaso ya sami 69,386, bai kai kashi 7 ba, alhali Atiku ya sami 489,045, Tinubu 482,283. PRP kanta, da Kola Abiola, ba ta kai ƙuri'a 100,000 a duk ƙasar ba. Cikin mutum miliyan 3.5 da suka yi rajista a Katsina, waɗanda suka fita zaɓen shugaban ƙasa ba su kai sulusi ba. Jihar da kusan mutum uku cikin huɗu ke cikin talauci, mafi yawan masu katin zaɓenta sun zauna a gida.

Ba na jin talakan Katsina ya daina jin zancen talaka ne. Zancen ne ya zama na kowa, har wanda ya sayi tikitin takara da miliyoyi da shi yake buɗe jawabi. NEPU da PRP suna da abin nunawa da yatsa: ga takardar haraji, ga malamin jangali, ga kotun En'e. Na yau suna cewa talaka su tsaya nan. In aka zo maganar Hausa da Fulani kuma sai su kasu biyu: masu cewa duk ɗaya ne a rufe zancen, da masu raɗa a kunnen jama'a lokacin yaƙin zaɓe don su sami ƙuri'ar fushi. Na farkon sun bar fili ga masu zuga matasa a waya. Na biyun suna wasa da wuta a garuruwan da auratayya ta haɗa jinin mutane tun kaka da kakanni.

Hanyar 1979 ta fi duka biyun: ƙa'ida ɗaya, amma a kira ciwon kowa da sunansa. Hakan ba ya yiwuwa sai da lissafi, kuma ba lissafin ƙabila ake buƙata ba, wanda ba zai haifar da komai ba sai sabuwar gardama. Lissafin gunduma da na sana'a ake buƙata, kuma ba ya fi ƙarfin ƙaramar hukuma. Gonaki nawa aka bari ba noma a gundumar Zakka bana? Hekta nawa na dajin Rugu aka yanka aka bayar tun 1999, kuma wa aka bai wa? Makarantun makiyaya nawa ke da malami a Safana da Batsari? Mutum nawa 'yan bindiga suka kashe, nawa 'yan sa-kai suka kashe, kuma shari'a nawa ta kai ga hukunci a kowane ɓangare? 'Yan gudun hijira nawa suka koma gida?

Masu neman kujerar Safana da Batsari da Ɗanmusa a majalisar wakilai, da masu neman ta jiha da ta gwamna, za su zo neman ƙuri'a don zaɓen 2027, kuma da yawansu za su ambaci Malam Aminu. Jama'ar yankin, manomi da makiyayi, ku sa musu waɗannan tambayoyi a gaba tun kafin su hau mumbari. Wanda bai zo da amsa ba, ku nemi ya faɗi ranar da zai kawo ta, a gaban hakimi da arɗo, a kuma rubuta.